Baƙin Ƙarfe a Gurbin Filatinam: Tarihin Gardamar Shekara Hamsin

A cikin shekarar 1839 wani lauya ɗan Birtaniya mai suna William Grove, wanda ke binciken kimiyya a gefen aikinsa, ya tsoma siraran falle biyu na ƙarfen filatinam cikin ruwan asid, ya kife kan ɗaya da kwalbar iskar haidirojin, ɗayan kuwa da kwalbar iskar oksijin. Da ya haɗa su da waya sai lantarki ya gudana. Wannan shi ne asalin batirin haidirojin, watau na'urar da ke haɗa iskokin nan biyu su zama ruwa, amma maimakon ƙarfin da ke fita daga haɗuwarsu ya tashi a wuta da zafi, sai a tatse shi a matsayin lantarki.

Iskokin nan ba su haɗuwa don kansu. Ana iya tara su a kwalba guda su shekara ba abin da ya faru, sai an sami mai shiga tsakani. Shekara huɗu kafin gwajin Grove, a 1835, masanin nan na ƙasar Suwidin, Berzelius, ya raɗa wa irin wannan aiki suna, kuma daga nan aka sami kalmar katalis. Katalis dillali ne: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa bai shiga cikin kayan ba, ya juya ya tari na gaba. Abin da ya raba shi da dillalin kasuwa shi ne ba ya karɓar la'ada. Filatinam shi ne dillalin da Grove ya samu, kuma har yau shi ne a cikin motocin haidirojin da ake sayarwa.

Batirin yana da ɓangare biyu, kuma wahalarsu ba ɗaya ba ce. A ɓangaren haidirojin aiki yana tafiya da sauri, filatinam kaɗan ya isa. Gizo yana saƙar ne a ɓangaren oksijin. Kowane dunƙulen oksijin ƙwayoyin zarra biyu ne ɗaure tamau, kuma kafin ya zama ruwa sai an raba su, an ba su ilektiron huɗu da ƙwayoyin haidirojin huɗu, ɗaya bayan ɗaya. A lissafi batirin ya kamata ya ba da bolt 1.23, amma a bakin aiki abin da ake samu bai cika wuce 0.6 zuwa 0.7 ba, kuma mafi yawan asarar daga nawar oksijin take. Don haka ne galibin filatinam ɗin batiri a wannan ɓangare ake zuba shi. Akwai kuma wata gajeriyar hanya da oksijin kan bi idan dillalin ba gwani ba ne: ta karɓi ilektiron biyu kawai ta tsaya, sai a sami ruwan ferokzayid, irin mai kumfan nan da ake wanke rauni da shi. Wannan ruwa zai sake fitowa a ƙarshen labarin.

Filatinam kuwa ba ya da yawa. Abin da ake haƙowa a duniya duka bai kai tan 200 a shekara ba, alhali zinariya ta wuce tan 3,000. Kusan kashi 70 cikin 100 yana fitowa daga duwatsun Bushveld na Afirka ta Kudu, inda Hans Merensky ya tabbatar da jijiyarsa a 1924. Sauran galibi daga Rasha da Zimbabwe. A watan Maris na 2008 farashin oza guda ya haura dala 2,200. Sa'ad da Amurka ta sa batirin haidirojin a kumbon Gemini a 1965, tsada ba ta dami kowa ba, domin mai tura mutum sama jannati ba ya ƙirga kwabo. Amma wanda ke nufin ƙera motoci miliyoyi tilas ya ƙirga.

Darasi daga jini

Tun kafin injiniyoyi su shiga wannan damuwa, masu binciken jikin ɗan Adam sun riga sun san cewa halitta ta warware ta ba tare da filatinam ba. Abin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini ƙwayar zarra ce guda ta baƙin ƙarfe, zaune a tsakiyar wani zobe, ƙwayoyin naitirojin huɗu suna riƙe da ita ta kusurwa huɗu. David Keilin na Kambirij ya bayyana a 1925 cewa akwai dangin wannan zobe a cikin ƙwayoyin halittar jiki, Hans Fischer na Jamus ya harhaɗa jan sinadarin jini a ɗakin gwaji a 1929, sa'an nan Otto Warburg ya sami kyautar Nobel a 1931 saboda bincikensa kan sinadarin da ke sarrafa numfashi. Wannan sinadari, da taimakon ƙwayar jan ƙarfe a gefen ta baƙin ƙarfe, yana mai da oksijin ruwa ta hanyar ilektiron huɗu, watau ainihin aikin da ake biyan filatinam ya yi.

Kwatankwacin zoben kuma ya faɗo hannun masana'antu ba da nema ba. A 1928, a wata masana'antar rini da ke Grangemouth a Sikotilan, ma'aikata suka ga wani shuɗin datti a cikin kayan da ya kamata su fito fari. Da aka bincika sai aka tarar kayan sun taɓa baƙin ƙarfen tukunyar da ake dafa su, sun haifi sabon sinadari. Reginald Linstead ya gano ƙirarsa a farkon shekarun 1930, ya sa masa suna talosayanin: ƙwayar ƙarfe guda a tsakiya, naitirojin huɗu kewaye da ita, kamar dai na jini. Mai jan ƙarfe a tsakiya ya zama shuɗin fenti da tawada da ake amfani da shi ko'ina.

Sai a 1964 wani mai bincike a Amurka, Raymond Jasinski, ya haɗa waɗannan zaruruwa biyu. Ya buga ɗan gajeren rahoto a mujallar Nature cewa talosayanin mai ƙarfen kobal a tsakiya yana iya yin dillancin oksijin a batiri. Daga wannan rahoto ake fara ƙirga tarihin fannin. Sai dai gwajinsa a ruwa mai ɗabi'ar kanwa ya yi shi, watau kishiyar asid, inda aikin ya fi sauƙi. Batirin da ake fata don mota kuwa mai asid ne, kuma waɗanda suka gwada zobban a cikin asid sun ga suna lalacewa cikin ɗan lokaci.

Abin da tanderu ya yi

A 1976 wasu masana uku na kamfanin Bosch a Jamus, Jahnke da Schönborn da Zimmermann, suka ba da labarin wani abu mai ɗaure kai. Idan aka shafa zobban a jikin garin kabon, dangin gawayi, aka gasa su a tanderu inda ba oksijin, sai su ƙara kuzari su kuma ƙara ƙarko. Bagotzky da abokan aikinsa a Tarayyar Sobiyet sun ga haka nan ba da daɗewa ba. Zafin da ake magana a kai ya kama daga digiri 600 zuwa 1,000 a ma'aunin Salshiyos, kuma babu dunƙulen sinadari irin wannan da zai shiga wutar nan ya fito yadda ya shiga. An ɗauko zane daga jini, an gina shi da kyau, an ƙone shi, sai tokar ta fi ginin amfani. To, mene ne ke aiki a cikin tokar?

A kan wannan tambaya masana suka rabu gida uku cikin shekarun 1980. Van Veen na ɗakin binciken kamfanin Shell a Amsterdam ya tsaya a kan cewa gefen zoben ne kawai ya ƙone ya manne da kabon, amma zuciyarsa, watau ƙarfe guda da naitirojin huɗu, tana nan. Ernest Yeager na Jami'ar Case Western a Cleveland ya ce a'a, zoben ya rushe sarai, ƙarfen ya fita, daga baya ne yake komawa ya maƙale a jikin naitirojin da ya nutse cikin kabon. Klaus Wiesener na Dresden ya fi su nisa: a ganinsa ƙarfen ba shi da hannu a dillancin ko kaɗan, magini ne kawai da ke taimaka wa naitirojin ya shiga jikin kabon a cikin tanderu, kuma da an gama ginin aikinsa ya ƙare.

Gardamar ba ta fatar baki ba ce. Wanda bai san wurin da aiki ke gudana ba ba zai san abin da zai ƙara ko ya rage ba. Idan Wiesener ne da gaskiya, a wanke ƙarfen duka a huta. Idan van Veen ne, kowace ƙwayar ƙarfe da aka wanke asara ce.

A 1989 Gupta da Yeager da abokansu suka yi gwajin da ya sauya alƙibla. Suka bar zobba masu tsada, suka ɗauki sinadarin da ake yin zaren roba na rigunan sanyi da barguna, wanda ke ɗauke da naitirojin mai yawa, suka cuɗa shi da gishirin kobal ko na baƙin ƙarfe da garin kabon, suka gasa. Sai ga katalis mai aiki. Ashe ba a bukatar zoben tun farko; ƙarfe da naitirojin da kabon da wuta sun isa. Wannan ya sa kayan suka yi araha, amma ya ƙara dagula ruwan, domin baƙin garin da ke fitowa daga tanderu kwamacala ne: akwai curin ƙarfe zalla, akwai tsatsa, akwai ƙarfen da ya narke da kabon, akwai mai yiwuwa ƙwayoyi ɗai-ɗai, kuma kowane mai bincike yana iya nuna wanda ya ga dama ya ce shi ne. Shekara kusan ashirin fannin ya fi kama da girki da ka, a ƙara wannan a rage wancan a ɗanɗana.

Har wa yau kasuwar binciken ta yi sanyi saboda wani dalili na daban. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 masana a ɗakin binciken Los Alamos na Amurka sun gano yadda za a rage filatinam ɗin batiri kusan ninki goma, daga miligiram 4 a kowace murabba'in santimita zuwa 0.4 ko ƙasa da haka. Da tsada ta ragu sai neman madadi ya rage zafi. 'Yan kaɗan ne suka dage, kuma a cikinsu babu kamar Jean-Pol Dodelet na cibiyar INRS da ke Varennes a lardin Kwibek na Kanada.

Dagewar ta biya a 2009. Dodelet da Lefèvre da Proietti da Jaouen sun riga sun lura cewa wuraren aikin suna zama ne a cikin ƙananan ramukan kabon, waɗanda faɗinsu bai kai nanomita biyu ba. Sai suka cusa gishirin baƙin ƙarfe da wani sinadari mai naitirojin cikin ramukan ta hanyar niƙa, suka gasa sau biyu, na biyun cikin iskar amoniya. Rahotonsu a mujallar Science ya nuna cewa a bolt 0.9 zuwa sama garin nan yana iya yin kafaɗa da kafaɗa da filatinam na miligiram 0.4. Amma ƙarfinsa yana zubewa cikin 'yan kwanaki. A 2011 Gang Wu da Piotr Zelenay na Los Alamos suka fito da wani, na baƙin ƙarfe da kobal, wanda ya yi awa 700 yana aiki a bolt 0.4. A shekarar nan kuma mutanen Dodelet suka kawo dabarar da ta zama ruwan dare daga baya: suka yi amfani da wani sinadari mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda ƙarfen zinki ke riƙe da ginshiƙansa. Zinki yana tafasa a digiri 907, saboda haka a cikin tanderu sai ya tashi ya bar kabon mai naitirojin cike da ƙofofi.

Ganin ƙwayar zarra

Ana cikin haka ra'ayin Wiesener ya farfaɗo. A 2009 Liming Dai na Jami'ar Dayton ya ba da rahoton cewa siraran bututun kabon masu naitirojin suna dillancin oksijin a ruwa mai ɗabi'ar kanwa ba tare da ƙarfe ba. Masu shakka suka lura cewa bututun daga talosayanin na baƙin ƙarfe aka tsiro da su kafin a wanke, kuma ɗan abin da ya ɓuya bayan wanki yana iya zama shi ke aikin. Wata hujja da ta daɗe tana ƙarfafa masu kore ƙarfe ita ce iskar nan mai guba ta hayaƙin gawayi, wadda ke kashe mutum ta hanyar kama ƙarfen jininsa, ba ta hana garin aiki. Amma a 2011 Andrew Gewirth na Jami'ar Illinois ya gwada da gubar sayanayid, wadda ita ma ƙarfe take kamawa, sai aikin ya ragu. Gubar da ke tsayar da numfashin mutum ta tsayar da na garin.

Abin da ya yanke hukunci na'urori ne. Ƙwayar zarra ta baƙin ƙarfe, in an jera miliyan huɗu, sannan za su cika milimita guda, kuma a zamanin van Veen da Yeager babu madubin da ke iya nuna ɗaya tak a cikin garin kabon. An fara da hanyar da Rudolf Mössbauer ya gano a 1958, wadda ke bayyana irin maƙwabtan da ke kewaye da ƙwayar baƙin ƙarfe. Ulrike Kramm ta Jamus ta yi aiki mai yawa da ita a kan waɗannan garuruwa. A 2015 Andrea Zitolo da Frédéric Jaouen a Faransa suka haɗa gari mai tsabta wanda ba curin ƙarfe ko ɗaya a cikinsa, suka haska shi da hasken eksire mai ƙarfi, suka nuna cewa ƙarfen yana zaune ne ƙwaya ɗai-ɗai, kowace da naitirojin huɗu, a cikin shimfiɗar kabon. A 2017 mutanen Los Alamos da na Oak Ridge suka ɗauki hotonsu da madubin ilektiron: 'yan ɗigo masu haske warwatse a kan baƙin fili, da shaidar naitirojin a gefensu.

Da aka tattara, kowane daga cikin dattawan uku ya tashi da rabonsa, ko da yake rabon ba daidai ba ne. Van Veen ya yi daidai game da siffar wurin aikin. Yeager ya fi kusa da gaskiya game da hanyar, domin binciken da aka yi ana kallon garin a cikin tanderu ya nuna kayan farko suna rushewa, sa'an nan ƙarfen ya sake samun gurbi tsakanin naitirojin. Wiesener kuwa rabonsa ya fi ƙanƙanta: Junji Nakamura na Jami'ar Tsukuba a Japan ya nuna a 2016 cewa kabon ɗin da ke maƙwabtaka da wani nau'in naitirojin na bakin shimfiɗa yana iya kama oksijin, amma a cikin asid kabon maras ƙarfe yana can baya da nisa.

Sunan da fannin ke amsawa yanzu, watau katalis mai ƙwayar zarra guda, daga waje ya zo. Tao Zhang na Dalian a ƙasar Sin da Jun Li da Jingyue Liu ne suka yaɗa shi a 2011, kuma a kan filatinam suke magana, don wani aiki dabam. Sunan ya karɓu, ya jawo dubban masu bincike, har wasu suka ɗauka sabon abu aka ƙirƙiro. Alhali abin da ke cikin tanderun Bosch tun 1976 danginsa ne. Ganinsa ne sabo. Sunan ma yana da ɗan ruɗi, domin ƙwayar baƙin ƙarfe ita kaɗai ba ta tsinana kome. Naitirojin huɗun nan da kabon da ke bayansu su ne ke daidaita yadda take kama oksijin, kada ta riƙe da ƙarfi har ta kasa saki, kada kuma ta yi sako-sako.

Sanin siffar ya kawo amfani nan da nan. An daɗe ana fama da cewa idan baƙin ƙarfen ya wuce kashi biyu ko uku cikin 100 na nauyin garin, sai ƙwayoyin su dunƙule a cikin wuta su zama curi maras amfani. Maganin da aka samu shi ne a fara gina guraben da zinki, sa'an nan a musanya shi da baƙin ƙarfe daga baya. A 2021 Qingying Jia na Jami'ar Northeastern a Boston ya yi haka da tururin gishirin baƙin ƙarfe a digiri 750, kuma a 2022 ƙungiyar Anthony Kucernak ta Kwalejin Imperial a Landan ta kai kashi 7 cikin 100 ba tare da curi ba.

Matsalar ƙarko

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sa awa 5,000 a matsayin abin da batirin mota ya kamata ya jure zuwa 2020, kuma babbar motar kaya tana bukatar ninkin wannan sau biyar ko shida. A nan ne baƙin ƙarfe ya fi rauni, kuma dalilin tsoho ne. Tun 1894 Henry Fenton na Kambirij ya gano cewa idan baƙin ƙarfe ya haɗu da ruwan ferokzayid, abin da ke fitowa yana cin kusan duk wani sinadari mai kabon. To, ko gwanin dillali yakan bar ɗan oksijin ya bi gajeriyar hanyar nan ta ilektiron biyu. Ferokzayid ɗin da aka samu ya tarar da baƙin ƙarfe a wurin, su haɗu su ci kabon ɗin da ke riƙe da ƙarfen, su kuma ci tantanin da ya raba ɓangarorin batirin. Dillali ke nan yana rushe rumfarsa. Ga shi kuma wuraren aikin ba su da yawa, don haka shafin garin yakan ninka na filatinam kauri kusan sau goma, iska ta sha wuyar shiga, ruwa ya sha wuyar fita.

A 2021 Jingkun Li da Jaouen suka bi garin da hanyar Mössbauer yana cikin aiki, suka tarar da cewa guraben iri biyu ne, ko da yake kowanne ƙarfe guda ne da naitirojin huɗu. Nau'i na farko ya fi kuzari, amma shi ne ke sakin ƙarfensa ya koma tsatsa. Na biyu ya fi nawa, amma bayan awa hamsin na aiki yana nan daram. Daga nan bincike ya karkata ga yadda za a yawaita na biyun ko a kare na farkon, kuma a 2022 Gang Wu, wanda a lokacin yake Jami'ar Buffalo, ya nuna cewa lulluɓe garin da siririn mayafin kabon mai naitirojin yana juya wasu guraben zuwa nau'i mai ƙarko.

A kasuwa tazarar a fili take. Motar Mirai da kamfanin Toyota ya fitar a 2014 batirinta yana ba da kilowat 114, kuma da filatinam yake aiki. A 2017 kamfanin Ballard na Kanada da Nisshinbo na Japan suka ba da sanarwar batiri na sayarwa wanda ɓangaren oksijin ɗinsa ba filatinam, abin da ya rage ƙarfen mai tsada da fiye da kashi 80 cikin 100. Ƙarfinsa wat 30 ne, daidai da ƙwan lantarki ɗaya ko biyu. Wasu masu binciken kuma sun koma inda Jasinski ya faro, watau ruwa mai ɗabi'ar kanwa, inda baƙin ƙarfe ba ya narkewa da sauƙi, tun da yanzu an sami tantanin da ya dace da shi. A 2021 ƙungiyar William Mustain ta Jami'ar Carolina ta Kudu ta sami fiye da wat 2 a kowace murabba'in santimita daga irin wannan batiri, da garin baƙin ƙarfe na kamfanin Pajarito Powder a ɓangaren oksijin. A can kuwa nawar takan koma ɓangaren haidirojin, kuma a wannan gwajin filatinam aka zuba a wurin.